IN TALAKA YA CE A'A, A TAMBAYE SHI DALILI



Duk sa'ad da aka gama zaɓe akwai magana biyu da mu kan ji a bakin manya. Wanda ya ci ya ce jama'a sun nuna masa ƙauna. Wanda ya faɗi kuwa ya ce talakawa jahilai ne, an saye su da sabulu da taliya. Mu da mu ke zaune a ofishin jam'iyya nan Gawon Nama, muna rubuta sunaye cikin littafi muna yanka kati, mun ji wannan magana har kunnenmu ya gaji. Ba kuwa za mu ɓoye muku ba, a bakin namu manyan ma mun sha jin ta. Abin da ke da wuyar gani shi ne babban mutum ya sa takalminsa ya shiga kasuwa, ya tsuguna gaban mai albasa ko dillalin tumaki na Kara, ya ce masa, "Malam, me ya sa ka jefa ƙuri'arka inda ka jefa?"

To, yau za mu ba ku labarin wata ƙuri'a da aka yi a ƙasar nan ta Arewa, inda talakawa suka ba manya mamaki, har ya zama tilas aka koma aka bincika dalili. Labarin ya shafe mu nan Sakkwato, domin ɗan ƙasar nan ne ke riƙe da Gwamnatin Jihar Arewa a lokacin, watau Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, kuma da sunan sarautarsa aka raɗa wa ƙasar suna daga baya.

Ga yadda abin ya ke. Can gabas, kan iyakarmu da Kamaru, akwai wata ƙasa doguwa siririya mai duwatsu, ta taso tun daga Dikwa da Bama da Gwoza, ta biyo ta Madagali da Michika da Mubi, sa'an nan ta sāke ɗaukowa daga Jada da Ganye har kan dutsen Mambila. A da Jamus ke mulkinta. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko sai Ingilishi da Faransa suka raba Kamaru tsakaninsu, wannan yanki ya faɗo hannun Ingilishi. Amma ba mallakarsu ba ce, riƙon amana aka ba su, kuma tun daga 1946 Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke duba yadda su ke riƙon. Don sauƙin aiki sai Turawa suka yayyanka ƙasar, suka liƙa wani yanki ga Lardin Barno, wani ga Lardin Adamawa, wani ga Lardin Binuwai. Ana kiranta Kamaru ta Arewa.

Da samun mulkin kan Nijeriya ya gabato, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba za a miƙa mutanen nan kamar kaya ba, sai an ji ta bakinsu. Aka sa ranar ƙuri'ar raba gardama, ran 7 ga watan Nuwamba 1959. Tambaya biyu aka yi musu. Ta farko: kuna so ku zauna cikin Jihar Arewa sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai? Ta biyu: ko kuwa kun fi so a bar maganar sai nan gaba? Maza kaɗai aka bari suka jefa, kamar yadda a ke yi a dukan zaɓen Arewa a zamanin.

Manyan Kaduna sun ɗauka aski ya riga ya zo gaban goshi. Shekara kusan arba'in ana mulkin ƙasar tare da Arewa, kuɗi ɗaya, haraji ɗaya, sarakuna na goyon baya, jam'iyyar N.P.C. mai mulki ta sa ƙarfinta. Masu cewa a dakata kuwa, babbarsu wata 'yar ƙaramar jam'iyya ce ta 'yan ƙasar, N.K.D.P., wadda ba ta daɗe da kafuwa ba. Aka ƙidaya ƙuri'a. Masu son zama cikin Jihar Arewa 42,788. Masu cewa a dakata 70,546. Ashe talakan da ke faɗuwa ƙasa yana gaisuwa in hakimi zai wuce, da ya shiga ɗakin ƙuri'a shi kaɗai wata magana ce dabam a zuciyarsa.

A nan ne wurin da mu ke so ku lura. Da an bi al'adar da muka saba, da sai a ce mutanen dutse ne, ba su fahimci tambayar ba, ko a ce 'yan hamayya ne suka ruɗe su. Da sai a ƙaro motocin lasifika da maroƙa, a sāke ƙuri'a, a sāke shan kaye. Amma akwai baƙon ido a wurin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko wakilinta don ya duba ƙuri'ar, wani mutumin Iran mai suna Dr. Djalal Abdoh, shi da ma'aikatansa suka zaga ƙasar, suka ji ta bakin mutane. Abin da ya rubuta wa Majalisar shi ne, a ganinsa yawancin masu ƙuri'a sun sami dama ce suka nuna fushinsu ga irin mulkin En'e da a ke yi musu. Watau tambayar da aka rubuta a takarda dabam, tambayar da talaka ya amsa dabam. An tambaye shi Nijeriya, shi kuwa ya ba da amsa a kan hakiminsa.

Mene ne kukansu? Ai kun san shi, don kakanninku sun yi irinsa. Hakimai ne da a ke aiko musu daga nesa, musamman daga Yola, su zo su zauna a kan mutanen da ba su haɗa harshe ko al'ada ba, Margi da Higi da Fali da Chamba da Mambila. Haraji da jangali su fita, hanyar mota da makaranta da asibiti kuwa su yi ƙaranci. In an cuce ka, wanda za ka kai wa ƙara shi ne ya naɗa wanda ya cuce ka. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma shekara da shekaru ba wanda ya leƙa ɗakin.

Da dalili ya fito sai gyara ya biyo baya. Cikin watan Disamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke cewa a gyara mulkin ƙananan hukumomi na ƙasar ya zama jama'a na da baki a ciki, a raba mulkinta da na Nijeriya kafin 1 ga Oktoba 1960, sa'an nan a sāke ƙuri'a, wannan karo har da mata. Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa kwamitin bincike. Aka fitar da yankunan daga ƙarƙashin En'en Adamawa, aka kafa musu nasu En'e-En'e, irin su ta Mubi da ta Chamba da ta Gashaka-Mambila. Aka kawo wani Bature, Sir Percy Wyn-Harris, ya riƙe ƙasar dabam har a yi ƙuri'a. Aka kuma yi musu alkawari cewa in sun zaɓi Nijeriya za su zama lardi mai zaman kansa, ba za a mayar da su ƙarƙashin kowa ba.

Aka sāke ƙuri'a ran 11 da 12 ga watan Fabrairu 1961. Yanzu tambayar ita ce, Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Masu son Nijeriya 146,296, masu son Kamaru 97,659. Ran 1 ga watan Yuni 1961 ƙasar ta shigo Nijeriya, aka sa mata suna Lardin Sardauna. Gwamnatin Kamaru ta Ahmadu Ahijo ba ta yarda ba, har ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, amma cikin Disamba 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar. Yau ƙasar tana rarrabe cikin jihohin Barno da Adamawa da Taraba, kuma har yanzu akwai ƙaramar hukumar Sardauna a kan Mambila, hedkwatarta Gembu.

Mu 'yan hamayya ne, amma gaskiya ɗaya ce. Gwamnatin Sardauna ta ji maganar, ta yi gyara, kuma gyaran ya yi amfani. Sai dai mu tambayi kanmu, me ya sa aka yi sauri haka? Domin ƙasa guda za ta kuɓuce, kuma idon duniya na kallo. Talakan Sakkwato da na Kano da na Katsina yana da irin wannan kuka a kan En'e, jam'iyyar N.E.P.U. tana ta faɗinsa tun da aka kafa ta a Kano cikin 1950, amma shi ba a yi masa ƙuri'ar raba gardama ba, saboda haka ba a aiko kowa ya tambaye shi ba. Sai bayan da soja suka karɓi mulki aka raba En'e da kotu da 'yan doka da gidan yari, sa'an nan cikin 1976 aka soke tsarin En'e ɗungum. Haka nan matan Mubi da Gwoza sun jefa ƙuri'a cikin 1961, amma matan Sakkwato sai da suka ƙara jiran shekara goma sha biyar kafin a ba su wannan hakki. Mu kuma lura, ko bayan gyara mutum huɗu cikin goma Kamaru suka zaɓa. Ciwon da ya daɗe ba ya warkewa da shan magani sau ɗaya.

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen da ne, ko na ƙasar da ba a yi karatu ba. Bari mu tsallaka teku mu duba wata ƙasar Turawa, mu ga abu iri ɗaya ya faru a zamaninmu. Sunanta Ailan, tsibiri ce yamma da Ingila, ita ma ta daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingilishi kafin ta sami kanta. Tana cikin Tarayyar Turai, watau ƙungiyar ƙasashen Turai da suka haɗa kasuwa da dokoki masu yawa. Cikin 2007 shugabannin ƙasashen nan 27 suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Lisbon don sāke tsarin ƙungiyar. Sauran ƙasashe 26 majalisunsu ne suka duba suka amince. Ailan kaɗai ce ta kai maganar gaban jama'a, domin tun 1987 babbar kotunsu ta yanke cewa ba a miƙa wani ɓangare na ikon ƙasa ga waje sai an tambayi masu ƙasa.

Ran 12 ga watan Yuni 2008 aka jefa ƙuri'a. Jam'iyyar gwamnati da manyan jam'iyyun hamayya duk bakinsu ɗaya, a ce i. Jama'a suka ce a'a, kashi 53 cikin 100. Ba kuwa wannan ne na farko ba, don cikin 2001 sun taɓa ƙin wata yarjejeniyar, ta birnin Nice, sai cikin 2002 suka karɓa. To, gwamnatin Firayim Minista Brian Cowen ba ta tsaya zagin jama'a ba. Ta ɗauki wani kamfanin bincike, Millward Brown, ya bi mutane yana tambayarsu ɗaya ɗaya, aka buga abin da aka samo cikin watan Satumba na shekarar, kowa ya gani.

Babban dalilin da masu a'a suka bayar shi ne ba su fahimci abin da ke cikin yarjejeniyar ba. Kimanin mutum huɗu cikin goma haka suka ce. Wasu kuwa tsoro su ke yi kada ƙasarsu, da ya ke ƙarama ce, ta rasa kujerar kwamishinanta a Tarayyar. Wasu na tsoron a taɓa dokar harajinsu, wasu na tsoron a tilasta musu sāke dokarsu ta zubar da ciki, wasu kuma sun ji an ce za a riƙa kwasar 'ya'yansu aikin soja tilas, alhali kuwa babu wannan cikin takardar.

Wani zai ce, to ga shi nan, ai jahilcin ke nan. Mu kuwa muka ce sam. Ku 'yan kasuwa ku yi mana shari'a. In dillali ya kawo maka takarda mai shafi ɗari biyu ko uku, ya ce dangwala hannu a nan, ba ka san abin da ke ciki ba, za ka dangwala? Wanda ya ƙi shi ne mai hankali. Balle ma shi kansa Firayim Ministan ya faɗa da bakinsa kafin ƙuri'a cewa bai karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe ba. In mai tallar kaya bai kwance ƙunshin ya duba ba, don me zai ga laifin mai saye da ya ce albarka? Laifin rashin bayani yana wuyan mai neman ƙuri'a.

Da suka san dalili sai suka koma wurin sauran ƙasashen da shi a hannu. Aka yarda kowace ƙasa ta riƙe kwamishinanta. Aka ba su tabbaci a rubuce a kan haraji, da zamansu 'yan ba-ruwanmu a sha'anin yaƙi, da dokokinsu na iyali. Ran 2 ga watan Oktoba 2009 aka sāke ƙuri'a, kashi 67 cikin 100 suka ce i. Amma a nan ma kada mu ruɗi kanmu. Tsakanin ƙuri'un biyu bankunan ƙasar sun shiga masifa, mutane da yawa sun rasa aiki, tsoron zama saniyar ware ya shiga zukata. Saboda haka ba alkawari kaɗai ya juya ƙuri'a ba, har da wuya. Akwai kuma 'yan ƙasar da suka yi ƙorafi, suka ce ashe i sau ɗaya a ke tambayarta, a'a kuwa sai an maimaita. Maganarsu abin dubawa ce. Sāke ƙuri'a yana da hujja ne in an sāke wani abu cikin kayan. In kayan jiya ne aka sāke wa fai-fai, wannan ba tambaya ba ce, matsi ne.

Akwai kuma hanya ta uku da masu mulki kan bi, ita ce mafi muni, kuma misalinta na nan kusa da mu, tsallaken Illela. Ran 28 ga watan Satumba 1958 Janar de Gaulle ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa ke mulki: ku zauna tare da Faransa, ko ku ɗauki 'yancinku nan take. Gini ta Seku Ture ta ce a'a, ta sami kanta. A Nijar, Djibo Bakary, wanda ke shugabancin gwamnatin ƙasar, shi da jam'iyyarsa ta Sawaba suka yi kiran a ce a'a. Da aka faɗi sakamako i ce ta ci, amma fiye da rabin waɗanda ke da rajista ba su fita ba ma. Wannan babban abin tambaya ne. Amma abin da ya biyo baya shi ne, Djibo Bakary ya sauka, cikin 1959 aka haramta Sawaba, 'ya'yanta wasu suka sha ɗauri, wasu suka yi gudun hijira, aka koma mulkin jam'iyya ɗaya har soja suka kifar da shi cikin 1974. Wanda ya toshe bakin tulu bai hana ruwan ciki tsami ba, ya dai hana kansa sani.

To, mu dawo gida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ke da rajista a Nijeriya, kimanin miliyan 25 kaɗai suka jefa ƙuri'a. Watau kusan mutum uku cikin huɗu gida suka zauna, ko suka buɗe rumfarsu suka ci gaba da neman abinci. Wannan ma amsa ce, kuma ta fi ta 1959 ƙarfi. Wane ne ya bi su ya ji dalili? Ko layi ne ya yi tsawo, ko kati ne bai fito ba, ko tsoron hanya ne ya hana mutanen ƙauye fitowa, ko kuwa sun duba 'yan takara duka ne, har da namu, ba su ga na zaɓe ba? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maganinsa dabam. Mai maganin da bai tambayi majiyyaci inda ke masa ciwo ba, sa'a kawai ya ke nema.

Saboda haka ga abin da mu ke kira a yi, kuma da gidanmu za mu fara, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Bayan kowane zaɓe, mun ci ko mun faɗi, a fita unguwa unguwa da rumfa rumfa a tambayi mutane. Amma tambaya tana da ladabinta. Kada a aiki wanda a ke jin tsoronsa, ko wanda a ke sa ran zai ba da wani abu, don talaka ya san amsar da babban mutum ke so, zai kuwa ba shi ita ya rabu da shi lafiya. Mutanen Mubi ba su faɗa wa hakimansu gaskiya ba, sai da suka ga baƙo da ɗakin ƙuri'a na sirri. A sa mata su shiga gidaje su tambayi mata. Kada a rubuta sunan kowa, domin ƙuri'a asiri ce, kuma wanda ya ƙi amsawa a ƙyale shi. A tambayi wanda ya ƙi mu kafin wanda ya so mu, a tambayi wanda bai fita ba kafin su duka. Abin da aka samo kuma a karanta shi a gaban taron 'yan jam'iyya yadda ya ke, ko da ya ƙona wa shugabanni rai. Binciken da aka kulle cikin akwati ba shi da bambanci da wanda ba a yi ba.

Ku kuma, 'yan'uwa, kuna da naku aiki. Duk wanda ya zo rumfarku neman ƙuri'a, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi abu ɗaya: wancan karo da muka ƙi ku, ko muka ƙi fita, kun san dalili? In ya ce an saye ku ne, ku san bai tambayi kowa ba. In ya kawo muku takarda ko doka ko alkawarin da ba ku gane ba, ku ce a warware muku da Hausa, kada ku ji kunya, don Turawan Ailan ma sun ce ba su gane ba, kuma sai da aka koma aka sāke musu bayani. In kuwa mun zo muku da littafinmu muna tambaya, ku faɗa mana gaskiya ko da ɗaci gare ta. Ƙofar ofishinmu a Gawon Nama a buɗe ta ke, kuma wanda ya zo ya faɗa mana laifinmu ya fi mana wanda ya zo yi mana kirari.

Manoman dutsen Gwoza da na Mambila ba su da jarida ba su da rediyo, amma da ƙuri'a 70,546 suka sa aka sāke musu tsarin mulki cikin shekara guda. Ƙuri'arku ba ta kasa tasu daraja ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu shugabanni masu tambaya, ya ba mu kunnen jin amsa, amin.